Wa Ya Ga Ungulu Bana?

Jawabin da Malamin Yaƙi da Jahilci ya yi wa 'yan ajin manya a Lakwaya, ƙasar Gwarzo, cikin bazara.

  

Yau ba za mu taɓa allo ba tukuna. Ku ajiye fensir, ina da tambaya guda. A cikinku wa ya ga ungulu bana? Ban ce a hoto ba, ban ce a waya ba. Da idonsa na ke nufi, tana tsaye a mahauta ko tana shawagi a sama. Wanda ya gani ya ɗaga hannu.

To, kun gani, ba hannu ko ɗaya. Bara fa? Bara waccan fa? Shiru ka ke ji. Na yi wannan tambaya a Getso, na yi ta a Kutama, na yi ta a Kabo, amsar kusan ɗaya ce.

Ni ban kai shekara 40 ba, amma na tarar da ungulu. Sa'ad da na ke yaro, ran kasuwa babana ya kan aike ni wurin mahauta. Sai in tarar da su birjik, suna yawo tsakanin mutane kamar kajin gida, mahauci na kora suna komowa. Ba wanda ya ke kallonsu sau biyu. Mu kan ce ungulu ba ta jewar banza. Yau in ka yi wa yaro wannan karin magana, sai ya tambaye ka yadda ungulun ta ke.

Ga tambaya ta biyu, ita ce ma ta fi damuna. Wace shekara ungulu ta bar Lakwaya? Baba, kai da ka ke zaune gaba, ka girmi kowa a nan, ko za ka iya faɗa mana? Ba za ka iya ba, kuma ba laifinka ba ne. Ni ma ba zan iya ba. Tsuntsuwa babba kamar wannan ta ƙare a gabanmu, da rana tsaka, ba wanda ya lura. Da an sami mutum ɗaya a garin nan wanda ya ke rubutawa, "Yau na ƙirga ungulu 30 a mahauta," bayan shekara biyar ya rubuta 12, bayan wata biyar ya rubuta 2, da mun farga tun da sauran dama. Amma a lokacin masu gani ba su iya rubutu ba, masu rubutu kuwa ba su duba ba.

Yanzu kun iya rubutu. Abin da ya kawo ni ke nan yau.

Bari in fara gaya muku abin da ya ci ungulu, don kada a ce iska ce ta kwashe ta. Ungulu ƙwai ɗaya tak ta ke yi a shekara. Kaza ta yi goma sha, zabuwa ta fi haka, ita kuwa ɗaya. Saboda haka in aka kashe uwa guda, an yi ɓarnar da za a daɗe ba a mayar ba. Mutane kuwa sun yi ta kama ta, suna sayar da kanta da ƙwanta ga masu tsibbu, har a kan sa guba a mushe don a kwashe su da yawa gaba ɗaya. Manyan itatuwan da ta ke sheƙa a kai, rimi da kuka da maɗaci, an sare da yawa. A shekarar 1 ga wannan ɓarna ba wanda ya ji a jikinsa, haka ta biyu, haka ta goma. Sai a 2015 masana na duniya suka sa irin ungulun nan tamu cikin jerin halittun da su ke bakin ƙarewa ƙaƙaf.

Wani zai ce, to, sai me? Tsuntsuwa mai ƙazanta, mai cin mushe, Allah ya raka taki gona. Ku saurari abin da ya faru a ƙasar Indiya. Can suna da shanu da yawa ƙwarai, suna kuma da ungulu miliyoyi. Daga wajen 1990 aka shiga yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki. Ashe in saniya ta mutu da maganin nan a jikinta, ungulun da ta ci naman sai ƙodarta ta lalace ta mutu. Cikin shekara goma sha kaɗan, a kowace ungulu 100 ba a bar ko 5 ba. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, yana ɓata ruwan sha. Karnukan da ba su da masu su suka sami abinci, suka yi yawa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai a 2006 gwamnatinsu ta hana ba dabbobi maganin. Ashe ungulu ma'aikaciyar tsabta ce wadda ba ta karɓar albashi. Ku da kanku kun san yadda bayan gari ya ke yanzu in jaki ya mutu. Da, kwana ɗaya sai ƙashi. Yanzu mako guda ana toshe hanci.

To, ungulu ta tafi, ko da ya ke ba mu fid da rai ba. Amma akwai saura, kuma su na ke so mu fara dubawa tare da 'ya'yanmu.

Ga shamuwa. Nan da 'yan kwanaki, in Allah ya yarda, za ku tashi da safe ku gan ta bisa kuka ko bisa tsamiya, baƙa mai farin ciki, tana gyaran tsohuwar sheƙarta. Kowa ya san abin da zuwanta ya ke nufi: a fid da iri, a gyara garma, ruwa ya kusa. Kakanninmu ba su da rediyo, shamuwa ce mai ba su labarin damina, shi ya sa ba a jifanta, ba a taɓa ƙwanta. Amma ina ta ke zuwa in kaka ta yi? Na taɓa tambayar wani aji, wani ya ce Makka, wani ya ce tana shiga kogon dutse ta yi barci. Masana sun ɗaura wa waɗansu shamuwoyin Nijar 'yar na'ura a baya, suka bi tafiyarsu. Sai ga su sun nufi gabas, sun gangara kudu, har ƙasar Tanzaniya, wata ma ta wuce gaba. Watau sa'ad da mu ke rani, can damina a ke yi. Shamuwa ba ta san rani ba, damina ta ke bi duk shekara. Abin da ta ke bi kuwa fara ce da tsutsa. Duk farar da ta haɗiye a gonarka, gerenka ta tsirar.

Wannan sanin inda tsuntsaye su ke zuwa bai daɗe ba a duniya. Turawa ma da can ba su sani ba. In sanyi ya zo suka ga tsuntsaye sun ɓace, waɗansu masu iliminsu cewa su ke yi sun nutse cikin laka a gindin tafki. Sai a shekarar 1822, a arewacin Jamus, aka harbo wata farar shamuwa irin ta ƙasarsu. Da aka ɗauko ta sai ga mashi irin na Afirka ya huda wuyanta, yana nan maƙale. Wani maharbi ne a ƙasarmu ta baƙar fata ya jefe ta bai kashe ta ba, ta tashi da mashin ta ƙetare hamada da teku har gida. Tana nan har yanzu a ajiye a jami'ar garin Rostock. Daga baya aka shiga sa wa tsuntsaye ɗan zobe mai lamba a ƙafa, don in an kama su a wata ƙasa a san inda suka fito. Saboda haka in yaro ya kawo muku tsuntsu mai zobe a ƙafa, ba na aljanu ba ne, kada ku tsorata. Ku kwafe lambar da haruffan da ke jiki, ku rubuta ranar da wurin, ku kawo mini. Kun ga wani amfanin a, ba, ca.

Da yawa cikin ƙananan tsuntsayen da ku ke gani da rani a fadama da bakin dam, suna bin ƙafafun shanu suna kaɗa wutsiya, baƙi ne daga Turai. Wanda ya je dam ɗin Challawa a ƙasar Ƙaraye cikin hunturu zai ga irinsu da yawa. Tsuntsun da bai kai nauyin ƙwan kaza ba ya ƙetare Sahara da fukafukansa, ya sauka a gonarka, ɗanka kuma ya tare shi da danƙo.

Tun da na ambaci danƙo, bari in tona wa kaina asiri. Ina ɗan shekara 10 ba wanda ya fi ni hannu a unguwarmu. Wata rana da farkon damina na harbo cilakowa. Na kawo ta gida ina taƙama, ga fara a bakinta ba ta ko haɗiye ba. Kakana ya duba tsuntsun, ya duba farar, bai ce mini kome ba. Ya ce in kai shi inda na harbe ta. Muka je. Ya yi ta duban itatuwa, can sai ya tsaya gindin wata kanya, ya ce in sa kunne. Sai na ji ƙara daga cikin itacen. Na duba sama, ga wani kogo an liƙe bakinsa da laka, an bar 'yar tsaga wadda yatsa biyu ba za su shiga ba, ga kan baki yana leƙowa.

Kakana ya ce, "Ka san wanda ka kashe? Maigidan ne."

Ashe haka cilakowa ta ke yi. In za ta yi ƙwai sai macen ta shiga kogon itace, ta liƙe ƙofar ta bar tsaga, don kada maciji ko wani abu ya shiga. A ciki ta ke zubar da gashin fukafukanta, ba ta iya tashi sai sabo ya fito. Namijin ne ya ke kawo mata abinci ta tsagar nan, ita da 'ya'yan, tun safe har yamma. Na kashe ɗaya, na bar gida guda da yunwa.

Bai buge ni ba. Da ya buge ni ma da na fi jin sauƙi. Hukuncin da ya yanke shi ne, tun da na kashe mai ciyarwa, ni zan ciyar. Kowace safiya kafin makarantar allo, da kowace la'asar, sai in kamo fara in hau kanyar in tura ta tsagar. Da fari ta ƙi karɓa, ran na biyu yunwa ta sa ta karɓa. Na fi mako biyu ina wannan bauta, abokaina suna yi mini dariya, suna kirana mijin cilakowa. Wata safiya na zo na tarar an fasa lakar, uwar ta fita. Daga baya 'ya'ya biyu suka fita. Na uku na same shi a mace a ciki.

Tun daga ran nan ban daina fita da safe ina duban itatuwa ba, sai dai na bar danƙon a gida. Kuma ga abin da na lura da shi cikin aikin koyarwa: yaron da ya fi kowa iya harbi shi ne ya fi kowa sanin tsuntsaye. Ya san inda kurciya ta ke sheƙa, ya san lokacin da fakara ta ke zuwa shan ruwa, ya san kukan ragon maza da na suda. Idon yana da shi. Kada ku tsaya ga zaginsa. Ku ba shi wani aiki da zai yi da idon nan.

Ga aikin. Kowane gida a sayi littafin rubutu guda, ƙarami, mai arha. A bangonsa a rubuta sunan gidan. Yara su ne 'yan aike, su fita su gani su kawo labari. Kai ko ke da ke zuwa wannan aji, ku ne magatakarda. Abu huɗu kaɗai za a rubuta: rana, da abin da aka gani, da wurin, da guda nawa. Ga misali, zan sa muku a allo in mun gama:

6 ga Mayu. Shamuwa 2. Kan kukar bayan masallaci.

9 ga Mayu. Bushiya 1. Gindin rumbu, da dare.

Ke nan. Ba a son dogon zance. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, wannan ma koyon rubutu ne, ya fi a ce kullum kana kwafar abin da malam ya rubuta. Ɗanka da ke firamare ya gyara maka harafi, kai kuma ka gaya masa sunan tsuntsun, kowa ya ƙaru da wani. In an ga abin da ba a san sunansa ba, a tambayi tsofaffi, a tambayi maharba da Fulani makiyaya. In su ma ba su sani ba, a rubuta kamanninsa: girmansa kamar na kurciya ne ko na gwara, launin baki, tsawon wutsiya, abin da ya ke ci. Sunayen nan ma suna ɓacewa kamar ungulu. Yara nawa ne yau suka san tsanwaka, ko carki, ko zakaran ƙeƙuwa, ko yautai? Kome sai su ce tsuntsu.

Kuma a rubuta rashin gani. In wata ya wuce ba a ga hankaka ba, a rubuta. In an shekara ba a ji kukan gauraka ba, ba a ga burtu ba, a rubuta. Wannan shi ne layin da ba a rubuta mana ba game da ungulu.

Iyayena mata, na ga kuna duban juna, kuna cewa wannan zancen maza ne masu zuwa daji. A'a. Tsakar gida ma daji ce ga mai ido. Ki dubi jangwada bisa katanga yana gyaɗa kai, ki sa yara su ƙirga matansa nawa, su ga abin da ya ke yi in wani namiji ya hau katangarsa. Ki dubi zanzaro da ke gina ɗan ɗakinsa na laka a lungun ɗakinki. Ina yaro na ɗauka tsutsar da ya ke kaiwa ciki ita ce ta ke rikiɗa ta zama ɗansa. Ashe harbinta ya ke yi ta sandare ba ta mutu ba, ya yi ƙwai a ciki ya rufe. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan ya tarar da abinci ɗanye yana jiransa. Ku nuna wa yara siririn ƙugunsa, su gane dalilin da ya sa a ke ce wa mai cusa riga cikin wando ya yi zanzaro. Ki lura da kaza in ta yi wata irin ƙara 'yan tsaki suka ruga ƙarƙashinta, ki ɗaga kai, shirwa na nan sama. Kaza ta riga ki gani. In ruwan fari ya sauka, da dare shinge ya taru a fitila, ki sa yara su duba su waye su ke zuwa ci: kwaɗo zai zo, jemage zai zo, da safe ƙadangare da kaji su share saura. Duk wannan ba ki taka ƙofar gida ba.

Bari in ce wani abu game da jemage, don mata ya fi shafa. Ba mai ƙaunarsa, ga wari ga ɓata ɗaki. Amma wa ya taɓa lura da lokacin da furen kuka ya ke buɗewa? Da magariba ya ke buɗewa, fari, babba, yana reto ƙasa. Kafin rana ta yi zafi gobe ya fara yaushi. Don wa ya ke buɗewa da dare? Don jemage mai shan 'ya'yan itace. Ya zo ya sha zaƙin furen, garin furen ya manne a gashinsa, ya kai wa wata kukar, da haka a ke samun 'ya'ya. Haka tutun ɗorawa, jan nan mai kama da ƙwallo: da dare jemage, da sassafe ƙudan zuma. Watau kalwar da ku ke dafa daddawa da ita akwai hannun jemage a ciki. Wanda bai yarda ba kada ya yi mini gardama. Lokacin furen ɗorawa ya ɗauki tocila da ɗansa su je gindinta bayan sallar isha'i, su zo su ba mu labari.

Mujiya ma haka. An ce tsuntsuwar mayu ce, in ta yi kuka bisa ɗaki wani zai mutu. Ni dai abin da na sani shi ne wanda ya ke mutuwa in mujiya ta sauka a gida, ɓera ne. Ku sami inda ta ke kwana, ku duba ƙasa, za ku ga waɗansu dunƙule-dunƙule masu gashi da ta amayar. A tona da tsinke, kada a sa hannu, za a ga ƙasusuwan ɓeraye da haƙoransu. Ɓera kuwa kun san aikinsa a rumbu, kuma wani irinsa ne ya ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno.

Kada ku ce malam ya ce duk abin da ke daji masoyinmu ne. Ban faɗa ba. Jan baki ba masoyin manomi ba ne. In garkensu ya sauka a gonar gero ko shinkafa, kafin ka nemo gwangwani an gama da kai. Haka tsutsar nan mai cin masara, wadda ta shigo ƙasar nan a 2016 daga nahiyar Amurka. Amma su ma idon yaro ne maganinsu na fari. Tsutsar nan a tsakiyar masara ta ke ɓuya, inda sabon ganye ya ke fitowa, tana barin kashi kamar dussa. Yaron da ya saba duba ganye zai gan ta tun tana ƙarama, sa'ad da a ke iya tsince ta da hannu ko a kashe ta da magani kaɗan. Wanda bai saba ba sai gona ta zama tsumma. In kuwa yara suka ga inda jan baki su ke taruwa su kwana, a gaya wa malamin gona da wuri. Kuma mai littafi ya san bambancin jan baki da sauran ƙananan tsuntsaye, ba zai yi wa kowa kuɗin goro ba. Feshin da a ke yi barkatai, ba awo ba lokaci, yana kashe tsutsa, ya kashe zumar da ke yi wa wake da kabewa aiki, ya kashe kwaɗin fadama, ya bi ruwa ya kashe kifi.

Yanzu ga gargaɗi, kuma ina roƙo ku maimaita wa yara shi yau da dare. Da ido a ke wannan aiki, ba da hannu ba. Kada yaro ya sa hannu a rami, ko na gafiya ko na kurege, ko cikin suri, ko kogon itacen da bai ga cikinsa ba. Kada ya ɗaga dutse ko tarin kara da hannu, ya sa sanda. Kada ya taɓa jemage ko mushen tsuntsu. Kada ya shiga kududdufi ko dam don bin agwagwar ruwa. In ya ga maciji ya ja da baya, ya lura da kamanninsa daga nesa. Kububuwa 'yar ƙarama ce, launinta kamar ƙasa, amma a ƙasashenmu na arewa ta fi kowane maciji kisa, don dafinta yana hana jini daskarewa. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da mutum, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan, ko da ya ce ba ya jin kome. Can ne a ke da allurar kashe dafi. Sanin irin macijin kuwa yana taimakon likita.

Wani dattijo ya tambaye ni a Kabo, ya ce, "Malam, in mun cika littafin, wa zai karanta?" Tambaya ce mai kyau. Na fari dai kai ne. In ka shekara biyar kana rubuta ranar da shamuwa ta sauka da ranar da aka yi ruwan shuka, za ka ga da kanka ko kwana nawa ne tsakaninsu, ko kuwa lissafin kakanni ya fara sauyawa, tun da kowa yana kukan damina ta rikice. Ba mai ba ka wannan a rediyo, don rediyo ba ta san Lakwaya ita kaɗai ba. Na biyu kuma, akwai masu nema. A kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis, ƙarƙashin Jami'ar Jos. Suna tattara labarin inda kowane irin tsuntsu ya ke a Nijeriya, iri fiye da 900, kuma mutanen gari ne su ke aika musu, da yawansu samari ne 'yan arewa. Masanin da ke Jos ba zai iya zama gindin kukarku shekara guda ba. Ɗanka kuwa can ya ke wuni.

Wanda ya sami hali ya kai yara gidan zu na Audu Bako a Kano su ga zaki da jimina, ban hana ba. Amma wannan sai da kuɗin mota da na shiga. Wanda na ke faɗa muku kyauta ne, daga bakin zaure ya ke farawa.

Ga aikin wannan mako. Gobe da asuba, bayan salla, kowa ya zauna ƙofar gida da yaransa kamar tsawon shan koko, kada a yi surutu. A ƙirga irin kukan tsuntsu nawa aka ji, a rubuta sunan waɗanda aka gane. Sa'an nan kowa ya sami tsoho ko tsohuwa mafi shekaru a gidansu, ya tambaye su dabbobi da tsuntsayen da suka sani a dajin Lakwaya suna yara waɗanda yanzu babu. Ko kura ce, ko gada, ko barewa, ko dila, a rubuta, tare da wurin da a ke ganinsu. Wannan shi ne shafi na fari. Gidan da ya fara ganin shamuwa bana, ya aiko yaro ya gaya wa malamin aji, za mu rubuta ranar a saman allo mu bar ta har kaka. Wanda kuwa ya ga ungulu, ko a hanyar Gwarzo ne, ko a wata kasuwa mai nisa, kada ya jira ranar aji, ya neme ni ko ina na ke.

To, ku ɗauko fensir. Za mu fara da kalmar shamuwa. Harafi nawa ke cikinta?